Igiyoyin Ɗakin Kaka

A gidanmu na Kontagora, mu yara ba ma jin haushi in an ɗauke wuta. Murna ma muke yi. Manya su yi ta tsaki suna laluben tocila, mu kuwa mu kwasa da gudu sai ɗakin Kaka, domin tun zuwanta ta kafa mana doka: muddin talabijin na magana a falo, to ita bakinta a rufe yake. Ta ce ta tsufa da yin gasar surutu da akwati. Saboda haka tatsuniya a gidanmu sai ranar duhu, kuma alhamdu lillahi, masu wuta ba su taɓa barinmu mun daɗe muna jira ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Salka aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, lokacin ina da shekara bakwai. Baba ya gyara mata ɗakin siminti, ya sa fanka da katifa sabuwa. Kwana uku ta yi a ciki ta fito da tabarmarta, ta ce ita ba gurasa ba ce da za a sa ta a tanda. Ta aika ƙauye aka turo mata magina, suka yi mata zagayayyen ɗaki na laka da jinkar ciyawa a kusurwar gida, kusa da bishiyar mangwaro. A tsakiyar ɗakin ta kafa murhu. Nan take gasa mana gyaɗa, nan take dafa ganyayyakinta, nan kuma muke zagaye ta mu miƙe ƙafafu, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, in labari ya yi zafi sai ta zarce da yarensu na Kambarci ba ta sani ba, mu yi ta dariya har sai ta dawo.

Baba bai taɓa son ɗakin nan ba. Malamin makaranta ne, kuma duk ranar da abokan aikinsa suka zo gaishe da Kaka sai ka ga fuskarsa ta canza, wai za a ce ya ajiye uwarsa a bukka shi yana cikin kwano. Ban da kunya akwai tsoro, don yana ganin wata rana iska za ta kife mata jinkar a ka. Sun yi shekara uku suna wannan ja-in-ja. A bazarar da na cika shekara goma suka yanke magana a gabanmu duka: in iskar farkon damina ta yaye jinkar, Kaka za ta koma ɗakin siminti, a rushe na laka, ba kuma za a sake tayar da zancen ba. In jinka ta tsaya, Baba zai yi shiru har abada. Kaka ta ce ta yarda. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na san in ɗakin ya tafi, murhu ya tafi, kuma Kaka ba za ta taɓa yin tatsuniya a ƙarƙashin fanka ba.

Ashe ita ta daɗe da fara shiri. Tun bayan girbi, duk daren da muke ɗakinta, bakinta na ba da labari hannunta na tufka igiyar rama a kan cinyarta. Mun ɗauka aikin banza ne na tsofaffi. Kafin bazara ta ƙare ta tara dogayen igiyoyi shida, kowace ta kai kaurin babban yatsan Baba.

Ranar da abin zai faru, tun da safe gari ya yi wani irin zafi mai danƙo, ko ganye ba ya motsi. Kaka ta fito ta tsaya tana kallon tururuwa suna hawa bango da ƙwayayensu a baki, ta dubi gabas, ta ce yau ne. Da azahar rediyo ma ta faɗi haka, wai ana sa ran ruwa da iska mai ƙarfi. Kaka ta ce Allah sarki, sai yanzu labari ya kai musu.

Duk wanda ya tashi a Kontagora ya san iskar ruwan farko. Ba ta zuwa da wasa. Takan kwantar da turakun wuta, a yi mako guda ko fiye ba a ga haske ba. Don haka gida ya kacame, kuma ba zan ɓoye ba, a wurinmu yara ranar ta fi ƙaramar salla daɗi. Mama ta buɗe firiza ta kwaso duk naman da ke ciki ta hau suya, tunda in wuta ta tafi lalacewa zai yi. Zoɓo da kunun ayan da take ƙullawa a leda tana sayarwa, ta ce mu shanye, mu kai wa maƙwabta saura. Ni kaɗai na sha huɗu, haƙorana suka yi ta zugi, ban fasa ba. Aka tura mu gidan da ke da rijiyar burtsatse tun injinsu na aiki, muka yi ta jigila har muka cika duro uku da kowane bokiti da tukunya. Duk wata kafar wuta da ke gidan an cusa mata waya ko tocila. Aka wanke gilashin fitilar ƙwai, aka zuba kananzir, aka kwashe shanya, aka kora awaki cikin shago, aka kife duk abin da iska za ta iya ɗauka.

Baba ya dawo daga makaranta da wuri. Ya kafa tsani ya hau rufin babban gida da guduma, yayana Haruna na miƙa masa ƙusoshi da bulo da tsofaffin tayoyi yana dannewa. Kaka kuma tana nata a ƙasa. Ta jiƙa igiyoyinta a ruwa don kada su tsinke wajen ja, ta sa aka jefa su ɗaya bayan ɗaya ta ƙololuwar jinka, suka gitta juna. A kowane baki ta ɗaura dutse, amma ba ta bari ya taɓa ƙasa ba, sai ya riƙa lilo a ƙasan jinkar. Na tambaye ta dalili, ta ce in iska ta ɗaga jinka, nauyin dutsen zai ja ta ya mayar da ita mazauninta. Baba ya leƙo daga sama ya ga duwatsu goma sha biyu suna reto, ya yi dariya ya ce, “Inna, 'yan kunne kika sa wa ɗakin naki?”

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, “Malam, kula da ƙusarka. Katakon gabas ɗin nan gara ta daɗe tana kalaci da shi.”

Malam take kiransa in tana so ta tsokane shi. Ya ce katako lafiyarsa lau, ya ƙara buga ƙusa biyu ya sauko.

Ana kiran magariba aka ɗauke wuta. Unguwa duka ta yi ihu, rabi na takaici rabi na murna. Gabas ta yi baƙi ƙirin, walƙiya na wasa can nesa, amma iska ba ta taso ba tukuna. Baba ya ce muna iya zuwa wurin Kaka, da sharaɗin da zarar iska ta fara kaɗawa mu dawo cikin gida. Muka yi salla a gurguje, muka cika ɗakin, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, kowa da tsokar nama a hannu. Kaka ta gyara itace, wuta ta haska fuskarta. Ita ba ta buɗe labari yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, “Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?” Mu kuma mu amsa baki ɗaya cewa mu ne.

A daren nan ta ba mu labarin wani gari da Iska ta aiko wa saƙo. Wai Iska ta ce nan da kwana uku za ta ratsa ta garin zuwa biki, kuma ba ta son a ce ta yi wa kowa sata. Don haka ga sharaɗi: duk abin da ta tarar a ɗaure za ta bar wa mai shi, abin da ba a ɗaure ba kuwa nata ne. Matsalar ita ce a garin nan kowane mutum igiya ɗaya tak gare shi.

Gari ya ruɗe. Mai dukiya ya kwana yana zagaya gidansa, a ƙarshe ya ɗaure rumbunsa. Maƙeri don tsabar ruɗewa ya ɗaure uwar maƙerarsa, wadda ko ƙarti huɗu ba sa iya ɗagawa, ya bar rufin ɗakinsa a sake. Wata budurwa ta ɗaure kwandon kayan kwalliyarta a gindin tsamiya ta zauna tana gadi. Wani malalaci ya ce shi ba ya da abin da ya fi barcinsa, ya ɗaure kansa a gado. Kaka tana yi tana kwaikwayon muryar kowa, har da minsharin malalacin, mu kuwa har muna faɗuwa a kan juna don dariya.

Sai ta rage murya. Ta ce a bakin garin akwai wata mata, igiyarta ta fi ta kowa kyau, don shekara guda ta yi tana tufka ta. Kwana na farko ya wuce ba ta ɗaure komai ba. Na biyu ya wuce. Mutane suka ce ta haukace. A rana ta uku, ga ƙurar Iska ta taso, matar nan ta fito ƙofar gida da igiyarta a kafaɗa, ta dubi dama ta dubi hagu.

“To ƙawata,” in ji Kaka, ta nuna ni da tsinken da take tona wuta, “me kike gani ta ɗaure?”

Na buɗe baki ke nan sai iskar gaske ta iso. Ba ta yi sallama ba. Mangwaro ya sunkuya, ƙura ta turnuƙe tsakar gida, wani bokiti da muka manta ya bi ta ƙofar ɗakin da gudu. Jinka ta ɗaga a kanmu, muka ji duwatsu sun ja ta ta koma ta zauna. Ta sake ɗagawa, ta sake zama. Wallahi daɗi ya kama ni har na yi tsalle, na ce Kaka mun ci, mun ci. Kafin ta amsa muka ji wata ƙara daga babban gida, irin ta babban faranti in an buga shi da ƙasa, sannan muryar Mama tana kiran Baba.

Kaka ta ɗauki tulu ta juye a murhu, wuta ta mutu. Ta tasa mu gaba zuwa barandar babban gida. Da walƙiya ta haska sai muka ga abin da ya faru. Kwanon kusurwar gabas, daidai kan ɗakin Mama, ya ɓalle daga katako yana ɗagawa yana faɗuwa. Ƙusoshin da Baba ya buga suna nan a jikin kwanon, katakon ne ya rududduge ya sake su. Bulo ɗaya ya riga ya faɗo ya fashe. Ko ni da nake yarinya na san in iska ta samu shiga ta wannan kafa, rufin gidan gaba ɗaya za ta naɗe ta tafi da shi. Baba na ta kai da kawo da tocila yana neman abin ɗauri. Abin da ya samu kawai igiyar shanya ce ta roba, wadda ko rabin rufin ba za ta kai ba.

Ban ga lokacin da Kaka ta bar wurinmu ba. Sai hango ta na yi a jikin ɗakinta da wuƙar yankan kuɓewa, zaninta na kaɗawa, tana yanke ƙullin duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya faɗi tim. Baba ya ruga ya riƙe mata hannu.

“Inna, ɗakinki fa.”

“Na gan shi,” ta ce. “Ja nan.”

Suka zare igiyoyin, shi da Haruna. Kaka ta sa aka ɗaura taɓarya a bakin ta farko, Haruna ya ja da baya ya wurga ta ta saman rufi. Sau biyu iska na dawo da ita, a na uku ta tsallaka. Baba ya zagaya baya ya kama, ya ɗaure a ƙarfen taga. Ta gabanmu kuma aka ɗaure a duron da muka cika da ruwa ɗazu. Haka aka yi da ta biyu da ta uku. Da duro suka ƙare aka koma turmi, aka koma gindin mangwaro. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, Mama na riƙe da tocila tana salati, mu yara aka ce mu rungume duro kada ya goce, muka rungume muna ihu, rabin tsoro rabin jin mu ma yau mun zama mutane. Kaka na tsakiyar ruwa tana ba da umarni da Kambarci, kuma a ranar na fara jin Baba ya amsa mata da shi, tiryan-tiryan, kamar bai taɓa barin Salka ba.

Kwano ya yi ta fizga, amma ya kwanta. Ana ɗaure igiya ta biyar muka ji wani fuu a bayanmu. Muka waiwaya. Jinkar Kaka ta tashi ɗungurungum, ta yi juyi ɗaya a sama, ta faɗa bayan katanga ta tarwatse. Na fashe da kuka. Kaka ta dube ni ta ce in rufe baki kada ruwa ya cika shi, akwai sauran igiya ɗaya ba a ɗaure ba.

Da gari ya waye muka fita kallo. Turakun wuta biyu a kwance a bakin titi, gidaje da dama a unguwar babu rufi, mutane na bin kwanonsu gida-gida suna tambaya. Namu yana nan, ɗaure da igiyar rama ta ko'ina. Ɗakin Kaka kuwa ya zama buɗaɗɗen bango, toka ta zama taɓo, tabarmarta na iyo. Ta tsaya ta dube shi sosai, sannan ta juya wurin Baba ta ce, “Malam, ka ci. Ka kira masu rushewa.” Ta kwashi abin da ya ragu na kayanta ta shiga ɗakin siminti da ƙafarta.

Baba bai kira masu rushewa ba. Kwana huɗu Kaka na ɗakin nan, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan shirun ya fi mana ciwo a kan duk mitar da ta saba yi. Ga duhu kowane dare, ga mu a gida, amma ba tatsuniya. Na ji haushin Baba ƙwarai a kwanakin nan, har gaisuwa sai da Mama ta harare ni nake yi masa.

Ranar Asabar da asuba ya hau babur ya fita bai gaya wa kowa inda za shi ba. Da la'asar sai ga shi a gaban wata a-kori-kura, an lafta mata ciyawar jinka da sanduna. A ƙarshen bazara ciyawa wuya take, daga baya muka ji sai da ya bi dangi gida-gida a Salka, wannan ya ba shi dami ɗaya, wancan biyu. Washegari ya tuɓe rigar malanta, ya naɗe ƙafar wando, ya hau bangon ɗakin ba takalmi. Ba mu taɓa sanin ya iya baibaya ba. Ashe da ita ya tashi. Kaka ta jawo kujera ta zauna a inuwar mangwaro, ba ta ce masa sannu ba, sai dai duk ƙullin da ya yi ta ce bai yi ba, boko ya lalata masa hannu. Shi kuma yana ta murmushi yana kwancewa yana sakewa.

A daren da aka sake hura murhu, na matsa mata sai ta faɗa mini abin da matar nan ta ɗaure. Ta ce ita ma kakarta a daidai nan take tsayawa, kowa ya je ya nemi amsarsa. Na ce wannan ai cuta ce. Ta ce ƙwarai kuwa, ta miƙo mini gyaɗa.

Shekaru da yawa na ɗauka darasin daren nan shi ne mutum ya yi shiri da wuri, ya tufka igiyarsa tun rani. Gaskiya ne, kuma har yau ina yi. Sai da na girma na yi nawa gidan, na san yadda mutum ke son abin da ya sha wuya a kansa, sannan na gane abin da na gani. Wata shida Kaka ta yi tana tufka igiyoyin nan don ɗakinta, ta riga ta ci gardamar, jinkarta na zaune daram, amma ba ta yi shawarar minti ɗaya ba kafin ta ɗauki wuƙa. Ba ta kuma taɓa yi wa kowa gori a kai ba har ta koma ga Allah.

Yanzu in na ga gabas ta yi baƙi, nakan cika duro, in sa wayoyi caji, in kwashe shanya, in kira yara su shigo. In na gama duk wannan sai in ɗan tsaya a tsakar gida in tambayi kaina, in ta kama yau, me zan iya kwancewa saboda wani. Ba kullum amsar ke yi mini daɗi ba. Amma nakan tsaya har sai na ba da ita.